KIFAYE MASU KUNYA NA CAN ƘARƘASHIN TEKU DA YADDA A KE KIWONSU A CIKIN ƊAKI

A cikin shekarar 2012, a birnin Honolulu na tsibiran Hawayi da ke ƙarƙashin Amurka, jama'a sun yi ta tururuwa zuwa wani tsohon gidan kallon kifaye mai suna Waikiki, wanda aka buɗe tun 1904, domin su ga wani ɗan kifi da bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Jikinsa ja ne wur, da ratsin fari daga bisa zuwa ƙasa, kamar alewar yara. Masana suna kiransa Centropyge boylei, kuma sai a 1992 aka rubuta sunansa a littattafan ilmi, bayan an samo shi a gefen tsibirin Rarotonga na Tsibiran Kuk, a Tekun Fasifik. An sha ba da labarin cewa masu sha'awa sun taya irinsa har dala 30,000. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka je kallo sai da suka yi tsaye na wani lokaci kafin su gan shi, domin kuwa kifin mai kunya ne: ya leƙo daga kogon dutse, ya ga motsi, ya koma.

Wannan hali ne na kifayen da ke zaune a can cikin zurfin duwatsun murjani. Su ne suka fi kyau, su ne suka fi tsada, su ne kuma suka fi wuyar riƙo. Mutum ya kan kashe abin da zai sayi mota, ya kawo kifi gida, sa'an nan ya yi mako uku bai sa shi a ido ba, ko kuwa ya wayi gari ya tarar da shi ya mutu a bayan dutse saboda yunwa da tsoro.

SANA'A CE DA TA DAƊE

Ajiye halittun teku a cikin akwatin gilashi, wanda Turawa ke kira akwariyam, ba sabon abu ba ne. Gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kallon kifaye na farko ga jama'a a 1853, wani Bature ɗan Ingila mai suna Philip Henry Gosse kuma ya rubuta littafi a kan sha'anin a 1854. A zamanin nan sai an ɗebo ruwan teku a ganguna an kai gida. Daga baya aka gano yadda a ke harhaɗa gishirin teku a masana'anta, har ya zama mutumin da ke zaune nesa da gaɓa zai iya haɗa ruwan teku a cikin bokiti. Wani rahoto da hukumar kula da mahalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003 ya ƙiyasta cewa kifayen teku miliyan 20 zuwa miliyan 24 a ke cinikinsu kowace shekara domin ado, iri 1,471, mafi yawa daga Filifin da Indunusiya zuwa Amurka da Turai da Japan.

Shi murjani, wanda kifayen nan ke zaune a cikinsa, dabba ce mai rai, ko da ya ke a ido ya yi kama da dutse ko itace. Jan murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya ɗan'uwansa ne da a ke cirowa daga Bahar Rum. Wanda ke gina duwatsu a tekuna masu ɗumi kuwa yana son ruwa garai-garai mai gishiri sosai, shi ya sa babu irin waɗannan duwatsu a gaɓar Nijeriya, inda Kwara da sauran koguna ke zubo ruwan daɗi da laka. Amma alhazan da suka bi ta ƙasa a da, suka hau jirgin ruwa a Sawakin ko Fot Sudan zuwa Jidda, sun ratsa ta bisa waɗansu daga cikin duwatsun murjani mafi kyau a duniya, a Bahar Maliya.

INDA RANA BA TA KAI SOSAI

Yawancin kifayen da a ke gani a shaguna daga ruwa marar zurfi a ke kamo su, inda rana ke haskawa tas. Amma dutsen murjani ba ya ƙarewa a nan. Ya kan gangara kamar bango, kuma daga mita 30 zuwa kimanin mita 150 akwai wata duniya dabam, wadda masana ke kwatanta haskenta da na almuru. A can ƙarshenta, hasken da ke isa bai wuce kashi 1 cikin 100 na wanda ke saman ruwa ba.

Ruwa ya kan shanye launukan haske ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara ɓacewa tun a mitoci na farko, sai ruwan goro, sai rawaya, har ya rage shuɗi kaɗai. Saboda haka kifin da ya ke ja wur a hannu, a can ƙasa baƙi-baƙi ya ke, ba a rarrabe shi da inuwar dutse. Watau launin da ke jawo hankalin mai saye, shi ne rigar ɓuyan kifin a gidansu. Idan aka tsamo shi aka sa a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, sai ya ji kamar an tsayar da shi a fili ba wurin fakewa. Ga shi kuma yawancinsu ƙanana ne, manyan kifaye na farautarsu, rayuwarsu duka a bakin kogo ta ke. Abin da mai kiwo ke kira kunya, dabarar tsira ce da kifin ya gada.

Har ila yau ruwan zurfi ya fi na sama sanyi, kuma ba igiyar ruwa mai dukan dutse kamar yadda a ke samu a gaɓa. Duhu, da sanyi, da natsuwa: waɗannan uku ne mai kiwo zai yi ƙoƙarin mayar wa kifin.

HATSARIN ƊAUKO SU

Abin da ya sa tsadarsu ta wuce misali shi ne nauyin ruwa. Duk mita 10 da mutum ya nutse, matsin da ke kansa ya kan ƙaru da kwatankwacin matsin iskar da ke saman ƙasa, har ya zama a mita 100 ya ninka sau 11. Mai nutso da ke shaƙar iska a wannan zurfi, iskar ta kan narke a cikin jininsa. In ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa a jijiyoyi, kamar an buɗe kwalbar lemo bayan an girgiza ta, daga nan sai shanyewar jiki ko mutuwa.

Richard Pyle, masanin kifaye na gidan tarihi na Bishop a Honolulu, wanda shi ne ya kamo kifin nan na Waikiki, ya ɗanɗana wannan tun yana ɗan shekara 19. A 1986, a tsibiran Palau, ya bi kifi zuwa zurfin kimanin mita 75, ya taso ba bisa ƙa'ida ba, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Ya warke a hankali, ya daɗe yana dogara sanda, sa'an nan ya koma ruwa, amma da wata na'ura mai tace numfashin mutum ta mayar masa, wadda a ke haɗa wa iskar hiliyam. Da irin wannan na'ura masu nutso ke kai wa mita 100 da ɗoriya. Duk da haka 'yan mintoci kaɗan su ke yi a ƙasa, sa'an nan su shafe sa'o'i suna hawowa daki-daki.

Kifin ma haka. A cikin cikinsa akwai wata jakar iska da ke taimakonsa ya tsaya a tsakiyar ruwa. In aka taso da shi farat ɗaya, jakar ta kan kumbura, ta turo tumbinsa waje ta baki, idanunsa su firfito. Waɗansu masu kamu su kan huda jakar da allurar likita su fitar da iskar, abin da kan bar rauni, wani lokaci ya ruɓe bayan kifin ya isa hannun mai saye. Waɗansu su kan rataye kifin a cikin gora a jikin igiya, suna ɗago shi kaɗan-kaɗan har kwana biyu ko fiye. Masanan Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya da ke San Faransisko, ciki har da Bart Shepherd da Luiz Rocha, sun ƙera wata 'yar tukunya da a ke rufe kifi a ciki tun a cikin ruwa, a fito da shi da matsinsa, sa'an nan a riƙa sassautawa cikin kwana biyu zuwa uku. Sun bayyana aikin a 2018. A tsibirin Kurasawo na Tekun Karibiyan kuwa, wani ɗan ƙaramin jirgi mai tafiya ƙarƙashin ruwa, mai suna Curasub, ya soma aiki a 2010, yana iya sauka har mita 300.

Saboda haka abu na farko da mai saye zai duba shi ne yadda kifin ke iyo. Wanda wutsiyarsa ke ɗagawa sama, yana fama ya nutse ya kasa, ko cikinsa ya kumbura, alama ce an yi gaggawar ɗauko shi, kuma da wuya ya yi rai.

KAƊAN DAGA CIKINSU

Akwai Liopropoma carmabi, ɗan santimita 6, mai ratsin ruwan goro da shunayya da ja daga baki zuwa wutsiya. Masani John Randall ne ya raɗa masa suna a 1963, daga sunan cibiyar binciken teku ta Kurasawo. Akwai Gramma melacara na Karibiyan, mai launin shunayya da baƙar hula, wanda ya fi sauran sauƙin kuɗi da juriya, shi ya sa a kan shawarci sabon shiga ya fara da shi. Akwai Serranocirrhitus latus na Fasifik, mai launin hoda da ɗigon rawaya. Waɗannan biyun na ƙarshe su kan juya cikinsu zuwa rufin kogo su yi ta iyo a kife, wanda bai sani ba sai ya ce ciwo ne, alhali kuwa ɗabi'arsu ce. Akwai kuma Genicanthus personatus na Hawayi, fari sol kamar madara, macen da baƙin rufi a fuska.

Har gobe ba a gama sanin iyakarsu ba. A 2016 aka bayyana wani daga arewacin tsibiran Hawayi, aka sa masa suna Tosanoides obama, don girmama shugaban Amurka na lokacin. A 2019 aka bayyana Cirrhilabrus wakanda, mai launin shunayya, wanda aka samo a zurfin teku kusa da Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya. A 2022 kuma aka bayyana Cirrhilabrus finifenmaa daga tsibiran Maldif, inda wani masani ɗan ƙasar, Ahmed Najeeb, ya kasance cikin waɗanda suka yi aikin.

SHIRYA MASA GIDA

Tun kafin a sayo kifi da wata guda ko fiye a ke soma aiki. Akwatin da zai ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan nan kada ya gaza lita 120, in ya kai 200 ya fi, domin ruwa mai yawa ba ya saurin canjawa. A kan tace ruwan famfo da na'ura har ya zama babu komai a cikinsa, sa'an nan a narka gishirin teku na musamman, kimanin giram 35 a kowace lita. Gishirin miya ba ya yi, domin ba shi da sauran ma'adinan da ke cikin teku. In ruwa ya ragu saboda zafi, ruwan daɗi a ke ƙarawa, don gishirin yana nan bai tafi ko'ina ba. Wanda ya riƙa ƙara ruwan gishiri, a hankali zai mayar da akwatinsa tafkin kanwa.

Kashin kifi da ragowar abinci su kan rikiɗe su zama wani dafi da a ke kira amoniya. Waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a jikin duwatsu da yashi, su ne ke juya wannan dafi zuwa wani abu mai sauƙin illa, kuma kafin su yawaita sai an yi mako 4 zuwa 6. Duk wanda ya sa kifi kafin nan, ya sa shi cikin guba. Bayan haka, kowane mako ko mako biyu a kan kwashe kashi 10 cikin 100 na ruwan a zuba sabo.

Sai batun duwatsu, wanda a nan ne yawancin mutane ke kuskure. Mai gida ya kan so ya rage maɓoya don ya riƙa ganin abin da ya sa kuɗinsa. To, akasin haka ne ke aiki. Kifin da ya san akwai rami kusa da shi ta ko'ina shi ne ke yarda ya fito fili, wanda ba shi da wurin gudu kuwa sai ya maƙale a lungu guda ya ƙi motsi. Don haka a kan jera duwatsu a yi koguna da rumfuna da hanyoyi masu ƙofa biyu, a juya bakin waɗansu zuwa gaban gilashi, yadda kifin zai zauna cikin inuwa amma ana hangensa.

Fitila a rage ta ƙwarai a makonnin farko, a bar mai shuɗin haske, sa'an nan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kada a kunna ta farat ɗaya cikin ɗaki mai duhu. Zafin ruwa kuwa, akwatin murjani na yau da kullum digiri 25 zuwa 26 ya ke so a ma'aunin Selshiyas, amma na zurfi sosai sun fi samun lafiya a 22 zuwa 24. Murfi kuma wajibi ne, saboda kifin da ya firgita sama ya kan yi tsalle, kuma da yawa a ƙasan ɗaki a ke tsintar gawarsu. Wurin ajiye akwatin ma a zaɓi inda ba yawan zirga-zirga, ba kusa da ƙofa ko akwatin talabijin ba.

CI DA MAƘWABTA

Sabon kifi ba a kai shi babban akwati kai tsaye. A kan tsare shi a wani ƙarami na dabam har mako huɗu ko fiye, da 'yan guntayen bututun roba a ciki don ya ɓuya, a ga ko yana ɗauke da cutar fararen ɗigo ko wata cutar da ke bi ta ruwa. Rigakafi ya fi magani, balle ma a nan inda cuta guda ke iya share akwati duka. A wannan zaman kaɗaici ne kuma kifin ke koyon cin abincin da ba ya motsi, ba mai ture shi.

A teku ƙananan halittun da ruwa ke kawowa bakin kogo su ke ci. A gida a kan fara da 'yan mitsi-mitsin jatan lande masu rai, sa'an nan a riƙa cuɗa su da daskararru har kifin ya saba. A kan zuba abincin da ɗan bututu a inda ruwa zai kai shi bakin ramin, mai bayarwa kuma ya ja da baya ya zauna shiru. Kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a yini ya fi a zuba da yawa sau ɗaya. Da dare a kan duba shi da tocila mai jan haske, wadda ba ta cika firgita su ba, a ga ko cikinsa a cike ya ke ko ya shafe.

Mai kunya shi a ke fara sa wa cikin akwati, ya zaɓi raminsa kafin kowa. Kifaye masu faɗa da masu haɗama ba a haɗa su da shi, domin ko ba su cije shi ba za su cinye rabonsa. Amma 'yan ƙanana masu sanyin hali da ke yawo a fili suna da amfani, gama in ya ga suna kiwo hankali kwance, sai ya gane babu abin tsoro, shi ma ya fito. Wani cikin mako guda ya kan saba, wani sai wata biyu. Mai kiwon da ya gaji ya sa hannu ya ɗaga duwatsu don ya ga ko yana da rai, ya mayar da aikin baya ke nan. A wannan sana'a, sannu ba ta hana zuwa.

ZAFI DA WUTAR LANTARKI

Ga mazauna ƙasashe masu zafi akwai ƙarin wahala. Ɗakin da ke kai digiri 35 da bazara ba zai riƙe ruwa a 24 ba sai da na'urar sanyaya ruwa, ita kuwa tana cin wuta. Bugu da ƙari, ruwa mai ɗumi da gishiri ba ya riƙe iskar numfashi da yawa. In wuta ta ɗauke, famfunan da ke juya ruwa suka tsaya, cikin 'yan sa'o'i kifaye su kan fara haki, kafin gari ya waye an yi asara. Wanda ba shi da janareta ko batura ko wutar hasken rana da za su riƙe akwatin dare da rana, gara ya haƙura da kifin teku, ya nemi na ruwan daɗi masu juriya.

HAƘƘIN DA KE KAN MAI SAYE

An daɗe ana zaton duwatsun zurfi mafaka ce, watau in ɗumamar teku ta kashe murjanin sama, na ƙasa zai tsira ya sake haifar da shi. Binciken da Luiz Rocha da abokan aikinsa suka buga a mujallar Science a 2018 ya nuna cewa halittun zurfi iri ne dabam da na sama, kuma guguwa da shara da tsofaffin komayen masunta suna kai musu. Waɗansu kifayen ma a tsibiri guda ko biyu kaɗai aka san su. A Filifin da Indunusiya an daɗe ana kukan masu fesa gubar sayanayid don sumar da kifi, abin da ke kashe murjanin ya kuma lalata hantar kifin. A Hawayi gardama ta kai kotu, inda a 2017 babbar kotun jihar ta ce sai an binciki illar kamun ga mahalli kafin a ci gaba da ba da lasisi.

Hanyar da ta fi ba da fata ita ce a haifi kifin a hannu. Tun farkon shekarun 1970 Martin Moe ya soma kiwon waɗansu kifayen murjani don sayarwa a jihar Fulorida. Na zurfi sun fi wuya, domin 'ya'yansu ƙanana ne ƙwarai, suna kuma daɗewa suna yawo a ruwa kafin su zama kifi sosai. Duk da haka Todd Gardner ya yi nasara da dangin Liopropoma a jihar New York, Karen Brittain kuma ta raini 'ya'yan Genicanthus personatus a Hawayi. Kifin da aka haifa a akwati bai san matsin zurfi ba, ya saba da fitila da fuskar mutum, ba a kuma sa ran wani mai nutso a hatsari dominsa ba.

Saboda haka, kafin mutum ya miƙa kuɗi, ya kamata ya tambayi mai shago daga ina kifin ya fito, da yadda aka ɗauko shi, da kwana nawa ya yi a hannu, ya kuma nemi a ba shi abinci a gabansa ya ga ya ci. In amsar ba ta gamsar ba, ya bar shi. In kuwa ya saya, to, ya ɗauki amanar rai wanda aka rabo da gidansa mai nisan dubban mil, kuma cinsa da shansa da numfashinsa duk sun koma hannunsa. Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ladan mai haƙuri a nan shi ne wata safiya, bayan makonni na jira, zai shigo ɗaki ya tarar ɗan kifin ya fito bakin kogonsa, ya tsaya yana kallonsa, bai gudu ba.